Gandu, Lefe da Tsofaffin Dutsi

A ƙauyukan Dutsi, kamar sauran ƙasar Katsina, gandu ya ginu ne a kan alkawari: ɗa ya yi wa uba noma, gero ya shiga rumbun gida, uba kuma ya yanka masa gayauna, ya ɗauki nauyin aurensa na fari. Haka mai bincike Polly Hill ta tarar a Batagarawa, ta rubuta a littafinta na 1972. Yau uban da damina ɗaya ke ciyar da shi ba ya iya haɗa akwatunan lefe, balle ɗakin kwanon da amarya za ta tare. Shi ya sa da an gama girbi sai samari su nufi Kano ko Legas ci-rani, wani acaɓa, wani ga-ruwa. Kuɗin da suke turowa ta hannun mai POS kashi biyu ake yi, kuma kason atamfa da sadaki ya fi nauyi. Tsohuwa ta karɓi ɗan na cefane ta yi shiru, don ita ma tana son goya jika. Ban ga laifin saurayin ba. Wanda ya haura talatin ba mata, ko a zauren gidansu ba a jin maganarsa. Mu masu 'ya'ya mata nake tuhuma, da muke ƙirga akwati kafin mu tambayi hali. Hakimai da limaman Juma'a na masarautar Katsina su zauna su ƙayyade lefe kafin bukukuwan kaka mai zuwa.