SHARHI: Ambaliyar Khartoum daga teku take somawa

Khartoum da Omdurman ba sa bakin teku, amma duk mai son sanin yadda daminarsu za ta kasance, sai ya fara duba teku.

A Mogran ne Farin Nilu ke haɗuwa da Shuɗin Nilu, wanda ke gangarowa daga tsaunukan Habasha, kuma shi ke kawo mafi yawan ruwan ambaliya. Masana sun daɗe da lura cewa idan gabashin tekun Pasifik ya yi sanyi, yanayin da ake kira La Nina, ruwan sama kan yawaita a Habasha. A 1988 da 2020 an samu wannan yanayi, kuma duk shekarun biyu Khartoum ta sha ruwa. A Satumban 2020 kogin ya haura mita 17.5, kimanin mutum 100 suka rasu a ƙasar, gidaje sama da 100,000 suka lalace, har gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci ta wata uku.

To, yaya ake hango abin? Akwai na'urori kusan 4,000 na shirin Argo da ke yawo a tekuna. Kowace na nutsewa mita 2,000, ta taso duk kwana 10, ta aika bayanin zafi da gishirin ruwa ta tauraron ɗan'adam. Sai a zuba waɗannan alƙaluma cikin manyan kwamfutoci masu kwaikwayon motsin teku da iska, ana gyara lissafin da abin da aka auna. Da irin wannan ne cibiyar ICPAC ta ƙungiyar IGAD da ke Kenya ke fitar da hasashen damina.

Ni dai inda nake ganin gizo ke saƙar shi ne a ƙasa. Kwamfuta za ta ce bana ruwa zai yi yawa, amma ranar da zai shiga tsibirin Tuti sai ma'aunin bakin kogi ya faɗa. Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 ya tarwatsa ma'aikatun Khartoum, gwamnati ta koma Port Sudan. Tun da sojoji suka ƙwace birnin a Maris na 2025 jama'a ke komawa, su tarar da magudanai a toshe. Ga kuma madatsar ruwan Habasha da aka buɗe a Satumban 2025, wadda yanzu sakin ruwanta ke shafar cikar kogin.

Abin ya shafe mu kai-tsaye, domin 'yan'uwanmu Hausawa na Mai Wurno a gaɓar Shuɗin Nilu suke noma. A ganina, gyaran ma'aunan kogi da musayar bayanai da Habasha a kan lokaci su ya kamata a sa gaba kafin damina mai zuwa. Sannan a isar da gargaɗin ta rediyo da wayar hannu, cikin harshen da manomi ke ji.