Daga Ɗakin Jinya: Goron kakana da ƙwayar jikokinsa

Wani dare ina aikin kwana, marasa lafiya sun samu barci, sai na ci karo da hoton wani mutum-mutumi na yumɓu a wayata. Dattijo ne zaune kan 'yar kujera, hannuwa bisa gwiwa, kunci ɗaya a kumbure. Na yi dariya ni kaɗai, don kamar kakana ne, Allah ya jiƙansa, a zaurensa na Jega da ɓarin goro a baki.

Mutanen Narinyo ne, kan iyakar Kolombiya da Ekwado, suka gina irin waɗannan siffofi tun kafin Turawan Sifen su isa can a ƙarni na 16, kuma a kaburbura aka tono da yawansu. Abin da ke kuncin ganyen koka ne. Mazauna tsaunukan Andis suna tauna shi da ɗan toka don rage yunwa da gajiya, suna miƙa wa baƙo, suna raba shi a wajen biki da makoki. Ashe su ma suna da goronsu.

Mu a nan mun san darajar namu. A ƙarni na 19 Jega babban zango ce ta fataken da ke zuwa Gwanja. Madugu zai ja ayari da jakuna wata da watanni har Salaga, a ƙasar Gana ta yau, a kai kanwa da tufafi, a dawo da huhunan goro. Har gobe ba a ɗaurin aure ko raɗin suna sai an raba shi, kuma duk abin alheri sunansa ya ara: goron sallah, goron gayyata, goron albishir.

Sai dai ku ji yadda ganyen can ya ƙare. A 1860 wani Bajamushe, Albert Niemann, ya tace sinadarin da ke cikinsa ya ware shi. Hodar iblis ke nan da ta addabi duniya. A 1886 kuma John Pemberton ya haɗa ganyen da goro a wani abin sha a Atlanta ta Amurka, daga nan sunan Coca-Cola ya fito. Ganyen da dattawa ke taunawa a hankali, a gaban jama'a, da aka cire masa ladabinsa aka bar ƙarfin zalla, sai ya zama annoba.

Wannan ne ya tuno mini da wani yaro da aka kawo mana bara, bai kai shekara 20 ba, yana farfaɗiya, kumfa a baki. Ɗan ƙwadago ne, yana bin gonakin albasa tsakanin Aliero da Maiyama. Tiramadol ya sha don ya yi aikin mutum biyu. Mahaifinsa na tsaye, haƙora jajaye da goro, ya ce mini: "Ɗiyata, ni shekara 40 ina noma da goro ɗaya a aljihu, ban taɓa faɗuwa ba." Na ce: "Baba, kai a gaban mutane kake cin naka, kana ɓarawa ka ba na kusa. Shi a ɓoye yake haɗiyar nasa." Allah ya sa yaron ya farfaɗo. Ba duka ke farfaɗowa ba.

Gwamnati ta hana sarrafa maganin tari mai kodin da shigo da shi a 2018, amma doka ba ta shiga ɗakin samari. Uwa ce ke shiga. Idan ɗanki ya daina cin abinci, barcinsa ya rikice, ko kin ga fankon ƙwaya a aljihunsa lokacin wanki, kada ki rufa don kunya. Ku zo asibiti. Kuma kada a raba shi da ita dare ɗaya ba tare da likita ba, don jikin da ya saba yana iya rikicewa.

Goron ma ban wanke shi tas ba. Yana da kafeyin, sinadarin da ke cikin kofi da shayi. Mai hawan jini, mai gyambon ciki, mai yawan bugun zuciya da mai juna biyu su rage sosai. Baban da ke kukan rashin barci ya bar ci daga la'asar. Na sha auna dattijo in ga jini ya hau, a ce ana shan magani, ashe marsa uku ake gamawa kafin azahar.

Kakana ɓari ɗaya yake ci da hantsi, sauran ya naɗe a ganye ya ajiye wa baƙo. A gidanku fa, wa ke lura da abin da yara ke jefawa a baki kafin su tafi gona? Ina jiran ra'ayoyinku. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.