Zuwa ga Malaman Dabbobi: A Buɗe Maraƙin Kafin a Zare Allura

Ya ku malaman dabbobi masu bin rugage: Mai wannan takarda dattijo ne da ya tsufa cikin aikinku, ya kuma san wahalar da kuke sha a kan babur, rana da damina. Allah ya saka da alheri.

Amma akwai abin da ke ci masa tuwo a ƙwarya. Saniya ta haihu da daddare, gari ya waye maraƙi ya mutu. Ardo ya aika a kira malami. Malami ya iso, ya leƙa gawar daga tsaye, ya ce sanyi ne, ya danna wa uwar allurar oksitetrasakilin, ya karɓi kuɗinsa ya hau babur. Gawa da mabiyiya kuwa karnuka sun ja su daji. Mako biyu, wata Bunaji ta sake yin haka a garken.

Wace cuta aka yi wa allurar?

Binciken gawar maraƙi wuƙa yake buƙata, da safar hannu, da kwanon ruwa. A yanki huhu a jefa a ruwa: in ya yi iyo, maraƙin ya shaƙi iska, in ya nutse, da wuya ya taɓa numfashi. A duba kofato: in taushin nan na ƙasansa bai goge ba, bai taka ƙasa ba. Kumburin kai da harshe alamar doguwar naƙuda ce. Sannan a tsaga tumbi na huɗu a nemi dakashi. Maraƙi ba ya samun garkuwa daga uwarsa a ciki, sai ta dakashi, hanjinsa kuma ya fi karɓarta cikin awa 6 na farko, bayan awa 24 ƙofa ta rufe. Tumbi wayam ya riga ya ba da rabin amsa. A kuma duba cibiya, don ta nan ƙwayar cuta ke shiga hanta da gaɓoɓi.

Sharaɗi ɗaya: dabbar da ta faɗi farat ɗaya, jini na fita ta hanci ko dubura, ba a buɗe ta. Alamar cutar saifa ke nan, wadda ta ɓulla a Suleja a 2023, tana kuma kama mutum.

Tsofaffin da suka yi yaƙi da cutar bushiya tun gangamin 1962 a yankin Tafkin Cadi, dattijon nan ya tarar da su. Ba waya, ba babur, amma ba sa barin ruga sai sun tsuguna gaban gawa sun tambayi makiyayi wata nawa cikin ya yi. Tuna su yana sa shi baƙin ciki in ya ga na yau, da takardar shaida a aljihu, suna ƙyamar taɓa mabiyiya. Wannan lalaci ne, ba wani suna gare shi ba.

A gafarce shi in harshe ya yi kaifi. Dalilinsa cutar bakkale ce, ga kuma alamominta. Ɓari a watannin ƙarshe, maraƙi raunanne, mabiyiya ta maƙale, gwiwa ta kumbura: duk wanda ya ga waɗannan ya ɗebi jinin uwar da ruwan tumbin maraƙin, ya sa a ƙanƙara, ya aika Vom, inda cibiyar binciken cututtukan dabbobi ke aiki tun 1924, ko tsangayar likitancin dabbobi ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. Kafin sakamako ya dawo, a ware saniyar, a binne mabiyiya da zurfi, a gaya wa matan ruga su tafasa madarar kafin yara su sha.