Azumin mai ƙoshi da azumin mai yunwa a hanyar Birnin Gwari

Ranar 7 ga Maris 2024, lokacin da 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai daga makarantar Kuriga da ke kan hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari, Kiristoci sun yi mako uku cikin azumin Lent. Bayan kwana huɗu Musulmi suka ɗauki azumin Ramadan. Aka sako yara 137 ranar 24 ga watan, wadda ta dace da Lahadin da coci ke tuna shigar Yesu Urushalima, mako ɗaya kafin Ista. Masallaci da coci kowanne ya ce an amsa addu'arsa, kuma babu mai ikon hana mai imani faɗin haka. Sai dai malami ɗaya bai dawo da rai ba, kuma hanyar ba ta gyaru a wannan makon ba.

Mai karatu Musulmi yakan ji kalmar azumi ya ɗauka irin nasa ne aka sauya wa suna. Akwai bambanci. Lent kwana 40 ne, daga Larabar Toka zuwa jajibirin Ista, ba a lissafa ranakun Lahadi. Adadin ya samo asali daga kwana 40 da Linjila ta ce Yesu ya yi a jeji bai ci ba, kuma tun taron Nikiya na shekara ta 325 ake ambaton wannan lokaci a dokokin ikilisiya. A Cocin Katolika ta yau, wajibin azumi ya rage kwana biyu kacal: Larabar Toka da Juma'ar da ake tuna gicciye Yesu. Mai shekara 18 zuwa 59 zai ci cikakken abinci sau ɗaya, ya ɗan taɓa kaɗan sau biyu, ruwa kuwa ba a hana ba. Ana kuma ƙaurace wa nama a Juma'o'in Lent. Kiristocin Habasha sun fi tsanantawa, nasu babban azumin kwana 55 ne, babu nama, babu nono, babu ƙwai. A coci-cocin bishara irin su ECWA da HEKAN, waɗanda yawancin Kiristoci masu jin Hausa ke ciki, azumi ba shi da dokar da ta ɗaure kowa. Fasto ko majalisar ikilisiya kan kira shi idan wata damuwa ta taso, a wuni ba ci har yamma, a taru a yi addu'a. Manyan cocin Fentikos kuma sun mayar da farkon shekara lokacinsa, kamar kwana 21 da cocin Bishop David Oyedepo ke yi kowane Janairu.

Wannan azumi na damuwa, wanda ake kira saboda annoba ko kisa, shi ne ya shafi Birnin Gwari. Gayam ɗaya ce daga mazaɓu 11 na ƙaramar hukumar, ƙasar noma ce da ke maƙwabtaka da daji. Dajin Kamuku da ya haɗe da na Kuyambana a Zamfara ya zama mafakar 'yan bindiga tsawon shekaru, har 'yan Ansaru suka samu wurin zama a gabashin masarautar. Mafi yawan mutanen yankin Musulmi ne, Kiristoci tsiraru, amma harajin da aka riƙa ɗora wa manomi kafin ya yi shuka, da wanda aka ƙara masa kafin ya yi girbi, bai tambayi addinin kowa ba. Mutumin da aka ƙona masa rumbu, aka kore masa shanun huɗa, ya sayar da gona ya biya kuɗin fansar ɗansa, ya riga ya san cin abinci sau ɗaya a wuni tun kafin wani ya sanar da shi daga mumbari. Idan sanarwar azumin kwana uku ta iso masa daga Abuja, me ya rage masa da zai bari?

Tambayar ba ta raina ibadar ba. Tsohuwar ikilisiya ta amsa ta tun ƙarni na biyu. Wani littafi na wancan zamani da ake kira Makiyayin Harmas ya umarci mai azumi ya lissafa kuɗin abincin da zai ci a ranar, ya miƙa shi ga gwauruwa ko maraya ko mabuƙaci. Aristidis na Atina, da yake kare Kiristoci a gaban sarkin Rum, ya shaida cewa idan akwai matalauci a cikinsu kuma ba su da rara, sukan yi azumin kwana biyu ko uku domin su ciyar da shi. Sura ta 58 ta littafin annabi Ishaya ta fi su kaushi, domin ta ƙi azumin mutanen da ke sunkuyar da kai suna zaluntar ma'aikatansu, ta ce azumin da ake so shi ne kwance ɗaurarru da raba abinci da mayunwaci. A wannan fahimta azumi yana da lissafi. Abin da bai shiga cikin mai ƙoshi ba dole a gan shi a kwanon wani. Ke nan azumin yana kan ma'aikacin banki a Barnawa da ɗan kasuwa a Sabon Tasha, amfaninsa kuma na manomin Gayam ne.

Abin takaici, wannan ɓangare ne ya fi saurin ɓacewa. Ana cika filaye, ana kwana ana addu'a, ana buga ranakun azumi a allunan talla, alhali Linjilar Matiyu ta gargaɗi mai azumi kada ya ɓata fuska don mutane su gane. A wasu cocin birni azumi ya koma hanyar neman ƙarin girma a ofis, ko biza, ko miji. Ba laifi ba ne bawa ya roƙi Ubangijinsa buƙatarsa, amma idan mutum dubu suka bar abincin rana na kwana 21 kuma ko buhun masara ɗaya bai bi hanyar Buruku ba, to kuɗin sun koma aljihun masu azumin ne, sun yi tsimi da sunan ibada.

An taɓa ganin azumin da ya fito titi. A watan Janairun 2020 Boko Haram ta kashe Rabaran Lawan Andimi, shugaban ƙungiyar CAN na Michika a Adamawa. A wannan watan ne kuma aka sace ɗalibai huɗu daga makarantar horar da limaman Katolika ta Good Shepherd da ke Kakau, kusa da Kaduna, aka kashe ɗaya daga cikinsu, Michael Nnadi, yana da shekara 18. CAN ta kira azumin kwana uku, ta rufe shi da tattaki ranar 2 ga Fabrairu, inda aka ga Fasto Enoch Adeboye da kansa riƙe da kwali a Legas. Bishop-bishop na Katolika suka nemi mabiyansu su sa baƙaƙen kaya ranar Larabar Toka, sa'an nan suka yi nasu tattakin a Abuja ranar 1 ga Maris. Kashe-kashen ba su tsaya ba. A Yulin 2021 aka kwashe ɗalibai 121 daga makarantar Bethel Baptist a Chikun. Duk da haka tsarin ya yi daidai da na Littafi Mai Tsarki. Esta ta yi azumin kwana uku ne kafin ta shiga gaban sarki ba tare da an kira ta ba, tana sane da cewa hakan na iya cin ranta. Nehemiya ya yi azumi, daga nan ya nemi takardun izini da katako, ya je ya gina ganuwa. A duka labaran biyu, bayan buɗa baki akwai wata ƙofa mai haɗari da aka ƙwanƙwasa.

Saboda haka ne kiran azumi daga bakin mai mulki yake da ɗaci. Fasto ba shi da bataliya, limami ba shi da kasafin kuɗi, addu'a da wa'azi da tara gudummawa su ne makamansu. Gwamna ko minista da ya ce jama'a su duƙufa da azumi da addu'a saboda tsaro ya ari kayan aikin wasu ya ajiye nasa. Shi ne sarkin da Esta ke zuwa wurinsa, bai dace ya zauna a layin masu roƙo ba. Musulmi ma sun san wannan salo, domin sau nawa aka nemi a yi alƙunut a lokacin da ya kamata a ji bayanin inda kuɗin tsaro suka shiga.

A watan Nuwamban 2024 Gwamna Uba Sani ya je Birnin Gwari, ya karɓi waɗanda aka ce sun tuba, aka sake buɗe kasuwar shanu da ta daɗe a rufe. Motoci sun ƙaru a hanya, wasu manoma sun koma gonakinsu. Masu shakka suna da hujja, tunda sulhu irin wannan ya rushe a Zamfara da Katsina a baya, kuma wanda aka kashe masa ɗa yana ganin mai kisan a kasuwa. Ga Kirista wannan ya fi yunwa wuya, domin Lent lokacin tuba da yafiya ne, kuma ba a taɓa tambayarsa ko ya yafe ba kafin a sa hannu.

Ko da sulhun ya ɗore, wanda ya koma gona ya koma ne hannu wofi. A nan kalandar coci ta yi dacewar da ba a cika lura da ita ba. Ista kan faɗo tsakanin ƙarshen Maris da ƙarshen Afrilu, daidai lokacin da rumbu ke yin ƙasa, ana sharar gona, ana jiran ruwan farko. Kuɗin da aka tara cikin kwana 40 a cocin Kaduna, idan da gaske aka lissafa su yadda Harmas ya ce, za su iso Gayam makonni kaɗan kafin shuka, lokacin da abin da manomi ke nema shi ne iri, da taki, da kuɗin hayar shanun huɗa.