Kankiya Da Kusada Su Nemi Ƙawa A Ƙasar Maraɗi

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai, da ku iyayenmu masu karanta wannan mujalla, akwai wata al'ada da garuruwan duniya suka daɗe suna yi, wadda nake ganin lokaci ya yi da mu mutanen Kankiya da Kusada za mu dube ta da kyau. Al'adar kuwa ita ce gari ya ƙulla ƙawance da wani gari na wata ƙasa, a rubuta a takarda, shugabanni su sa hannu, sa'an nan mutanen garuruwan biyu su riƙa kai wa juna ziyara. Waɗansu suna kiran irin waɗannan garuruwa tagwaye, waɗansu kuma 'yan'uwa. Da zarar an yi wannan magana a aji, sai ka ji kowa ya fara ambaton Landan ko wani birni na Amurka, watau inda za a hau jirgin sama. Ni kuwa ra'ayina dabam ne. In har za mu nemi ƙawa, to, mu neme ta a ƙasar Maraɗi, kuma makarantu ne ya kamata su riƙe igiyar.

Bari mu fara da asalin abin, don shi ne hujjata ta farko. A daren 14 ga Nuwamba 1940, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, jiragen Jamus suka yi wa birnin Coventry na Ingila ruwan bama-bamai, suka rushe tsakiyarsa. Bayan shekara biyu sai birnin Stalingrad na Rasha ya ga abin da ya fi wannan muni. Matan Coventry, da yake sun san zafin abin, sai suka tashi su 830, kowace ta ba da sisi, aka ɗinke sunayensu a jikin wani mayafin tebur, aka aika wa mutanen Stalingrad tare da kuɗin. A 1944 garuruwan biyu suka ƙulla ƙawance. Ku lura fa, matan gari ne suka fara, da sisi-sisi, hukuma daga baya ta biyo.

Da aka gama yaƙi sai al'adar ta bunƙasa tsakanin Faransa da Jamus, maƙwabtan da suka gwabza yaƙi har sau uku cikin shekara saba'in da 'yan kai. A 1950 garin Montbéliard na Faransa ya ƙulla da Ludwigsburg na Jamus, alhali magajin garin Montbéliard ɗin, Lucien Tharradin, shi kansa Jamusawa sun tsare shi a sansanin Buchenwald lokacin yaƙi. A 1963 ƙasashen biyu suka kafa ofishi na musamman don kai matasansu ziyarar juna. Yau garuruwansu fiye da dubu biyu ne ke da irin wannan ƙawance. Ashe ba don yawon buɗe ido aka ƙirƙiro abin ba. An ƙirƙiro shi ne don maƙwabtan da takobi ya taɓa shiga tsakaninsu, saboda 'ya'yansu su san juna tun suna ƙanana.

To, mu su wa ne irin waɗannan maƙwabta namu? Duk wanda ya saurari darasin tarihi ya san amsa. Wajen 1807 mayaƙan jihadi suka ci birnin Katsina, Malam Umarun Dallaji ya zama sarki, sarakunan Haɓe suka yi arewa. Wajen 1819 Ɗankasawa ya zauna a Maraɗi, kuma har gobe sarkin can Sarkin Katsina ake ce masa. Daga nan aka shafe kusan ƙarni guda ana ɗauki-ba-daɗi tsakanin Katsinar kudu da Katsinar arewa. An kashe Sarkin Katsinan Maraɗi Rauda a yaƙin Gawakuke cikin 1836, Ɗanbaskore kuma ya yi shekaru yana kawo hari ƙasar nan. Ana cikin haka Turawa suka zo, Ingila da Faransa suka yi ta yarjejeniya a 1898 da 1904 da 1906, suka ja layi suka kafa duwatsu. Aka wayi gari ɗan wa yana koyon Ingilishi, ɗan ƙane yana koyon Faransanci, alhali in sun koma gida tuwo ɗaya suke ci, harshe ɗaya suke yi.

Na san wani dattijo zai ce, "Yaro, ai mu da mutanen Maraɗi 'yan'uwa ne tun fil azal, me kuma za a ƙulla?" Gaskiya ne, Baba, amma zumuncin nan a hannun wa yake yanzu? Yana hannun fatake da direbobi da masu sayen dabbobi, sai kuma gidajen da ke da auratayya. Ku tambayi ajinmu, mutum nawa suka taɓa taka Maraɗi? Daga Kankiya zuwa Katsina wajen kilomita sittin ne, daga Katsina zuwa Maraɗi ta Jibiya da Ɗan Isa kuma bai kai ɗari ba. Tafiyar rabin yini ce, amma yawancinmu mun fi sanin sunayen 'yan ƙwallon Ingila da sunayen garuruwan da ke bayan Jibiya. Hausawa sun ce zumunci a ƙafa yake, mu kuwa 'yan makaranta ƙafarmu ba ta zuwa.

Abin da ya faru a 'yan shekarun nan ya isa ya farkar da mu. A watan Agusta 2019 Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, ba a buɗe ba sai Disamba 2020. Sa'an nan da sojoji suka karɓi mulki a Yamai ranar 26 ga Yuli 2023, ƙungiyar ECOWAS ta sa takunkumi, aka sake rufe iyaka, aka yanke wutar lantarkin da Nijeriya ke ba Nijar, har aka yi ta maganar tura soja. Sai a watan Maris 2024 aka buɗe. A 29 ga Janairu 2025 kuma Nijar ta fice daga ƙungiyar baki ɗaya. Ba zan shiga maganar wa ke da gaskiya ba, wannan ta fi ƙarfin ɗan sakandare. Abin da na gani shi ne, cikin 'yan kwanaki kaɗan an kusa mai da mutanen da ke kiran sarkinsu Sarkin Katsina abokan gabanmu. In tsarar da ke tasowa a nan da wadda ke tasowa a can ba su san juna ba, ran da aka sake irin wannan rikici wa zai tashi ya ce a'a?

Ba wai babu hulɗa tsakanin hukumomi ba. Tun 1971 aka kafa hukumar haɗin gwiwa ta Nijeriya da Nijar, mai hedkwata a Yamai. A watan Fabrairu 2021 aka ƙaddamar da aikin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Duk waɗannan abubuwa ne masu amfani, amma na manya ne, kuma in manya suka ɓata su ma sai su tsaya cik. Kai, ko ita Coventry da na ba da misali, a 2022 majalisar birnin ta dakatar da ƙawancenta da Stalingrad, wadda yanzu ake kira Volgograd, saboda yaƙin Yukiren. Ƙawancen da ya kusa shekara tamanin, zama ɗaya na majalisa ya dakatar da shi. Shi ya sa na ce namu kada ya tsaya a kan takardar shugaban ƙaramar hukuma, wanda in wa'adinsa ya cika wani zai zo da tasa manufar. A ɗora shi a kan makarantu da gidaje. Majalisa tana iya soke takarda, amma ba ta iya hana yaron da ya kwana bakwai a gidanku gaishe ku da salla.

Yanzu sai maganar riba, don na san iyayenmu ba za su saki kuɗin mota a kan tarihi kaɗai ba. Ta farko ita ce harshe. Tun ƙarshen shekarun 1990 aka sa Faransanci cikin darussan ƙananan azuzuwan sakandare a ƙasar nan, amma wa ya taɓa jin ɗayanmu ya yi cinikin ko da ƙuli-ƙuli da shi? Muna haddace shi ne don jarrabawa, mu zubar a bakin ƙofa. Ɗaliban jami'a masu karanta Faransanci kuwa Badagry ake kai su, can bayan Ikko, inda gwamnati ta kafa ƙauyen koyon harshen a 1991, tafiyar fiye da kilomita dubu daga nan. Ga kuwa makarantun da ake koyar da lissafi da kimiyya cikin Faransanci nan kusa da mu. Su ma yaran can suna neman wanda za su yi Ingilishi da shi. In magana ta cije, sai a koma Hausa, wadda a 2025 Nijar ta ɗaga ta zama harshen ƙasa. Wane ɗan Faransa da ɗan Jamus ne suka sami irin wannan sauƙi? Har ma akwai abin da malaminmu na Hausa zai ji daɗinsa: a rubutunsu harafin da muke rubutawa 'y su ƙugiya suke yi masa, ga kuma kalmomin da suka aro daga Faransanci inda mu muka aro daga Ingilishi. Mu mu ce makaranta ko sukul, su su ce lakwal.

Riba ta biyu ta gona ce, kuma ita ta fi muhimmanci a wurina. Bayan farin shekarun 1970 da na 1984 ƙasar Maraɗi ta zama fili fetal, iska tana binne shuka da rairayi. Sai manoman can, tare da wani ma'aikacin gona ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, suka koma ga wata dabara mai sauƙi da suke kira sassabin zamani. In an zo sharar gona ba a tumɓuke tohon da ke fitowa daga tsofaffin kututture. Sai a zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi a bar su, a sassabe sauran, a riƙa kula da su har su zama itace. Ba a sayen dashe, ba a ban ruwa. Masu bincike sun ƙiyasta cewa ta wannan hanya itatuwa sun dawo a fili wajen hekta miliyan 5 a Nijar, da yawansu gawo ne, wanda kowane manomi ya san yadda gero ke kyau a ƙarƙashinsa. Mu da ke kukan ƙarancin itacen girki da tsadar takin zamani, ashe ba abin da za mu je mu gani da ido ba ne? Gani ya kori ji. In 'yan ƙungiyar manoma matasa ta makarantarmu suka yi mako guda a gonakin can, abin da za su kawo wa iyayensu ya fi kuɗin motar.

Sai wasanni, waɗanda ba sai na tsaya dogon bayani ba. Mutanen da suka fitar da Kantu, wanda ya ɗauki takobin kokawa na farko a 1975, lalle za su kayar da mu a fage, mu kuma sai mu rama a ƙwallo da muhawara.

Me ya sa na haɗa Kankiya da Kusada? Saboda ɗan majalisar wakilai ɗaya muke da shi tare da Ingawa, kasuwanninmu ɗaya, kuma in gari ɗaya ya ɗauki nauyin baƙi shi kaɗai zai gaji a shekara ta biyu. In an yi karo-karo, bana baƙi su sauka a Kankiya, baɗi a Kusada. Birnin Maraɗi kansa ya fi ƙarfinmu, gara mu nemi daidai da mu, kamar Madarunfa mai tafki, ko Gazawa, ko Agye. Tasawa kam ta riga ta yi ƙawa da wani gari na Faransa mai suna Conflans-Sainte-Honorine, haka Dogon Dutsi da Orsay. Abin mamaki, garin Hausawa ya sami ƙawa a bayan teku, bai samu a ƙasar Katsina ba.

Saura babbar magana, wadda na san tana zuciyar kowace uwa: tsaro. Ba wanda zai musa cewa 'yan bindiga sun addabi yankin Jibiya da kudancin Maraɗi a shekarun nan, mu ma nan ba mu tsira ba. Ba na cewa a ɗebi yara a zuba a mota gobe. A fara da wasiƙa, aji da aji, kowane ɗalibi da abokinsa, rabi cikin Hausa, rabi cikin harshen da yake koyo. Bayan an yi zango biyu ana haka, sai malamai biyu da iyaye biyu su je su ga wuri, su gaida hakimi da shugaban makaranta, su ma na can su zo. Ɗalibai kuwa sai ran da iyaye da hukuma suka gamsu da hanya, a tafi da rana, bayan kaka, mutum goma kawai. A sauke su a gidajen abokansu, kada a kai su masaukin gwamnati, don a gida ake sanin mutum. 'Yan mata ma a ba su nasu kason, su tafi da malama, su sauka wurin iyaye mata.

Kuɗin wasiƙa bai fi ƙarfin ƙungiyar iyaye da malamai ba, balle ma akwai direbobin da ke zuwa Maraɗi daga Katsina. Ina roƙon shugaban makarantarmu da malamin Faransanci da na tarihi su kawo wannan magana a taron iyaye mai zuwa, kuma in an yarda, ƙungiyar Hausa ta makaranta ta rubuta wasiƙar farko kafin hutun ƙarshen zango.