A Duba Dutse Kafin A Yanka Jinga

Ya ku malamai da attajirai, maganarmu ta yau a kan dutse take. Duk mai gina kanti a Sabon Gari ko ɗakin haya a Samaru ya san tsakuwa, gama kankare ba ya zubuwa sai da ita. Amma kaɗan ne suka san abin da ake yi a wurin fasa dutse kafin tifa ta juye musu ita a ƙofa. Da fari akan huda dutsen da inji, a ɗura nakiya cikin ramukan, a tashe ta, sa'an nan a niƙa. To, a wurin hudar nan ake yawan jayayya, domin mai kuɗi yakan yanka jinga, ƙafa kaza kuɗi kaza, sai ka ce dutse duka ɗaya ne.

Marmarar da ke shimfiɗe a tudun Samaru, mai diga ma yana iya saranta. Irin dutsen Kufena kuwa, wanda Turawa ke kira giranit, narkakken dutse ne da ya daskare a ƙarƙashin ƙasa wajen shekara miliyan 600 da suka wuce. Taurinsa ya sa ƙarfen huda ba ya nutsewa sai a hankali. Wannan kowa ya yarda da shi. Abin da ba a lura da shi shi ne cin ƙarfe, wanda ya bambanta da tauri. Aƙalla kashi ɗaya cikin biyar na giranit ƙanƙara ce, watau ƙwayoyin nan masu ƙyalli kamar gilashi. A 1812 wani Bajamushe, Friedrich Mohs, ya jera ma'adinai daga 1 zuwa 10 bisa ga wanda ke karce ɗan'uwansa. Ƙanƙara tana kan 7, bakin wuƙa wajen 5 da rabi, ma'adinin farin dutsen Kalambaina da ake siminti da shi a Sakkwato kuwa 3 kurum. Ashe ke nan a dutsenmu ƙarfe ne abin wasawa. Shi ya sa ake dasa wa bakin ƙarfen haƙora na wani haɗi mai tsananin tauri, kuma su ma suna dakushewa, su rage sauri, su ƙara shan mai.

Har wa yau akwai dutse mai zane-zane, baƙi da fari, wanda ƙasar Zazzau ke da shi da yawa. Shi yakan karkatar da ƙarfe ya bi shimfiɗarsa, rami ya fita a karkace. In kuma aka tarar da tsaga, iskar da ke fitar da gari sai ta zurare, ƙarfe ya maƙale. Karkataccen rami ba ya ba da fasa mai kyau: wani gefen ya bar gunduma-gunduman da sai an sāke bi, wani gefen ya yi jifa da duwatsu.

Ga inda abin ya dame mu. Mai huda, in ya ga jinga za ta cinye shi, ba zai yi asara shi kaɗai ba. Zai daina wasa haƙora, ya daina sayen ruwan da ake kashe ƙura da shi. Garin ƙanƙarar nan in ya shiga huhu ba ya fita. Yana taurara shi har numfashi ya gagara, ya kuma buɗe wa tarin fuka ƙofa, ba a kuwa sami maganin da ke mayar da huhun yadda yake ba. Lebura ke nan ya biya ragin da attajiri ya samu.

Saboda haka muna roƙon 'yan kwangila su riƙa huda ramin gwaji kafin a tsai da kuɗi, a auna ƙafa nawa aka ci cikin awa, a dubi haƙoran bayan an zaro. In aikin babba ne, Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka kafa a 1962, tana nan Samaru da sashen ilmin duwatsu. A kai musu gutsure su duba. Malaman da ake kira shaidar ciniki kuma su tambaya ko an sa kuɗin ruwa da na wasa haƙora cikin jingar.