Allurar Sinawa da atishawar hunturu: kafin mu miƙa jikinmu

Daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu, duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Katsina ya ratsa Kankiya ya san yadda hazo ke rufe gari. Yawancin ƙurar nan daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi iska ke kwaso ta. A Fakuwa da ƙauyukan Kusada kuwa, ƙurar waje tana tarar da ta gida: ana sussukar gero da dawa, mata na sheƙa, ana casar wake da gyaɗa, ga hayaƙin itace a madafa. Nan ne za ka ga mutum yana jera atishawa tun asuba, hanci na yoyo, ido ya yi ja yana ƙaiƙayi, dare ya yi barci ya gagara. Mu dai mura muke ce mata. Amma murar da ke dawowa duk shekara a lokaci guda, ba zazzaɓi, ta yi wata da watanni, galibi alaji ce. Jiki ne ke ɗaukar ƙura ko garin furen tsirrai a matsayin abokin gaba, ya saki wani sinadari mai suna histamin, shi kuma ya kumbura cikin hanci.

Yanzu an fara jin labarin allurar Sinawa, wato akufanca, a waya da bakin masu tallar magani: wai a tsira maka siraran allurai a fuska da hannu da ƙafa, ka rabu da atishawa har abada. Ban yi mamakin yadda zancen ke shiga kunnen mutanenmu ba. Al'ummar da ta saba da ƙahon wanzami da tsaga da sakiya ba za ta ji baƙon abu ba idan aka ce mata magani na shiga ta fata. Kuma maƙwabtanmu na Nijar sun daɗe da sanin likitocin ƙasar Sin, domin tun 1976 ake aiko musu da tawagoginsu.

Shin allurar tana aiki? An gwada. A 2013 likitocin asibitin Charité da ke Berlin a Jamus, ƙarƙashin Benno Brinkhaus, sun fitar da sakamakon bincike kan mutum 422 masu ciwon alaji. Wasu an yi musu allurar gaske sau 12 cikin mako 8, wasu an tsira musu sama-sama a wuraren da ba na magani ba, wasu kuma ƙwayar setirizin kaɗai aka bar su da ita. Waɗanda suka sami ta gaske sun ɗan fi jin sauƙi, sun kuma rage shan ƙwaya. Sai dai bambancin bai da yawa, kuma wata biyu bayan an daina, ya dushe. Shi ya sa a 2015 ƙungiyar likitocin kunne da hanci da maƙogwaro ta Amurka ta ce likita na iya ba mara lafiya wannan zaɓi idan ba ya son ƙwaya, amma ba ta sa shi a gaban magungunan da aka sani ba.

Matsayina ke nan: allurar nan tana iya kawo sauƙi na ɗan lokaci, ba ta warkarwa, kuma ba ita ce buƙatar manomin Fakuwa ta farko ba. Zuwa sau goma sha biyu wurin ƙwararre a Kano ko Abuja, da kuɗin mota da na aiki, zai cinye buhunan da aka sha wahalar nomawa. Alhali takunkumin hanci lokacin sussuka, da yayyafa ruwa kafin shara, da shanya katifa da bargo a rana, da wanke hanci da ruwan gishiri da aka tafasa ya huce, da fitar da murhu inda iska ke wucewa, duk suna rage wahalar da kuɗi kaɗan. Setirizin da maganin fesawa a hanci suna nan, ma'aikacin lafiya a Babban Asibitin Kankiya zai iya nuna wanda ya dace.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne wanda zai riƙe allurar. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kusan mutum 8 cikin 100 na manyan Najeriya na ɗauke da ciwon hanta nau'in B. Allura guda da aka cire daga jikin wani aka soka wa wani ta isa ta shigar da shi gidan da ba shi. Idan kuma jahili ya nutsa ta a ƙirji ko gadon baya, tana iya huda huhu. Sannan mai asma, wanda ƙirjinsa ke kuka numfashi na sarƙewa, kada kowa ya ruɗe shi ya ajiye abin shaƙarsa saboda allura. Ciwon asma yana iya kisa cikin dare guda.

Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya tana da sashen kula da magungunan gargajiya da makamantansu tun 2018, amma doka a Abuja ba ta tsare kowa a kasuwar ƙauye. Ina kira ga gwamnatin Jihar Katsina ta hana kowa tsira wa mutane allura sai da shaidar horo da rajista, ta kuma sa Makarantar Fasahar Lafiya ta Kankiya ta ƙara wa ɗalibanta ilimin bambanta alaji da mura da asma, tunda su ne za su zauna a ƙananan asibitocinmu. Kai kuma ɗan'uwa, idan har ka yanke shawarar gwadawa, ka nemi ganin takardar mai aikin, ka tabbata a gabanka aka ɓare sabuwar allura, kuma kada ka daina maganin da likita ya ba ka sai da saninsa.